Makarantar da Aka Gina Don Kada Kome Ya Sauya

Ranar 5 ga Maris, 1922, Gwamnan Nijeriya Sir Hugh Clifford ya isa birnin Katsina domin buɗe wata makaranta mai ginin ƙasa, wadda ɗalibanta suka riga suka fara karatu tun shekarar da ta gabata. Sarki Muhammadu Dikko ne mai masaukin baƙi. Manufar Turawa a fili take: a ɗebo samari Musulmi daga gidajen mutunci, a horar da su su zama malaman makaranta, su koma lardunansu su koyar ba tare da sun yar da rawani ko sun ɗaga wa sarki murya ba. Kwalejin Katsina ke nan. An koya musu Turanci mai tsabta da lissafi da tarihi, an koya musu wasan kurket da wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Shekara 28 kacal bayan wannan biki, cikin watan Agusta na 1950, wani tsohon ɗalibin kwalejin, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a zauren majalisa a Kaduna ya gabatar da ƙuduri cewa tsarin En'e ya tsufa, talaka ba shi da ta cewa a cikinsa, don haka a kafa kwamitin da zai duba yadda za a gyara shi. Masu sarauta da yawa suka ji abin kamar saukar aradu. A cikin watan nan dai, ranar 8 ga wata, mutum takwas suka haɗu a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ta wuce maganar gyara, tana neman a karɓe iko daga hannun masu sarauta a miƙa wa talakawa. Kafin shekarar ta fita, wani malamin makaranta da ya yi karatu a kwalejin bayan an mayar da ita Kaduna, Malam Aminu Kano, ya ajiye aikin gwamnati ya bi su.

To, makaranta ce ta haifar da wannan? Masana ilimin zamantakewa sun fi shekara 100 suna ja-in-ja a kan irin wannan tambaya. Émile Durkheim, Bafaranshen da ake lissafawa cikin waɗanda suka aza harsashin fannin, ya daɗe yana koyar da malaman makaranta a Bodo da Paris, kuma a ganinsa makaranta hanya ce da manya ke bi su zuba wa yara ɗabi'un al'ummar da suka tarar. Kamar madubi take, abin da ke gabanta shi take nunawa. A 1966 wani bincike da James Coleman ya jagoranta a Amurka, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000, ya gano cewa gidan da yaro ya fito ya fi kyan ginin makaranta da yawan littattafanta tasiri a kan sakamakonsa. Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron suka ƙara gaba a 1970: ɗan masu hali yana zuwa aji da harshe da kwarjini da sabo da littafi waɗanda ya gada a gida, makaranta ta auna wannan gado ta kira shi hazaƙa, ta ba shi takardar shaida, shi kuma ɗan talaka ya koma gida yana zargin ƙwaƙwalwarsa. A ɗaya gefen akwai irin su Paulo Freire na Birazil, wanda a 1963 ya koya wa ma'aikatan karkara kusan 300 karatu da rubutu cikin 'yan makonni a garin Angicos, yana farawa da kalmomin da suka shafi wahalarsu ta yau da kullum. Da sojoji suka yi juyin mulki a 1964, suka kulle shi, daga baya ya yi gudun hijira. Su dai sojojin ba su yi shakkar cewa karatu na iya girgiza mulki ba.

Bahaushe bai kamata ya je Birazil neman misali ba. Sauyi mafi girma da ƙasar Hausa ta gani kafin zuwan Turawa daga zauren karatu ya taso. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kusan shekara 30 yana karantarwa da wa'azi a Ɗegel da kewayenta kafin hijirar 1804, kuma almajiransa ne suka karɓi tutoci suka kafa masarautu daga Katsina har Adamawa. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata a cikin gidajensu. Har a wajen 1914, a ƙiyasin Gwamna Lugga, akwai makarantun allo kusan 25,000 a Arewa masu ɗalibai sama da 200,000. Turawa ba su tarar da ƙasar da ba ta san tawada ba. Sun kuma san sarai abin da malami da almajiransa za su iya yi wa gadon sarauta.

Wannan sani, tare da darasin da suka ɗauka a Indiya da Legas, inda 'yan boko suka kafa jaridu suna caccakar gwamnati, shi ya tsara yadda boko ya shigo Arewa. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, aka takura wa 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya samu ya zauna a birnin Zariya tun 1905, ya buɗe 'yar makaranta, amma a 1929 aka mayar da aikin nasa Wusasa, bayan gari. Gwamnati da kanta sai a 1909 ta fara, lokacin da Hans Vischer, haifaffen Siwizalan da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa bayan ya zaga Masar da Sudan ya ga yadda ake yi a can. Ya raba ta aji-aji gwargwadon matsayin iyaye: sashen 'ya'yan sarakuna daban, na malamai daban, na masu koyon sana'a daban. Da Hausa ake koyarwa. Abin da ake bukata shi ne hakimin da zai iya karanta takardar Di'o, da malamin haraji, da magatakardan alkali, da ma'ajin baitulmali. Ba a bukatar lauya, balle ɗan jarida.

Idan aka tsaya nan, Bourdieu ya ci gari. Hakimai da dagatai ne ke zaɓo yaran da za a kai elemantare, En'e ce ke biyan kuɗin midil, ita ce kuma ke ɗaukar yaro aiki idan ya gama. Ahmadu Bello, jikan jikokin gidan Shehu, ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, ya fito a 1931, ya yi shekara uku yana koyarwa a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 ya zama Sardauna. Boko bai ciro shi daga ko'ina ba, ƙarfi ya ƙara wa abin da ya gada. Shekaru bayan haka, Ba'amurke C. S. Whitaker ya bi diddigin 'yan majalisar Jihar Arewa ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 1970, ya tarar mafi yawansu ko masu sarauta ne, ko 'ya'yansu, ko ma'aikatan En'e. Majalisa sabuwa ce, kujerunta sababbi, amma gidajen da ke cika ta tsofaffi ne.

Sai dai shingen yana da ɓaraka. Mutane da yawa, har da masu sarauta, suna ƙyamar boko, suna ganin hanya ce ta raba yaro da salla. Idan aka ce hakimi ya kawo yara, wani sai ya ɓoye nasa ya tura ɗan baransa. Ta irin wannan ƙofa 'ya'yan da ba a gina makarantar dominsu ba suka shiga. Mahaifin Tafawa Ɓalewa ƙaramin ma'aikaci ne a ƙarƙashin hakimin Lere a ƙasar Bauchi, ɗansa ya zama Firayim Minista. Mahaifin Yusuf Maitama Sule bara ne a gidan Madakin Kano, Madakin ne ya sa yaron a makaranta, yaron ya zama ministan ma'adinai da lantarki, ya zama Ɗanmasanin Kano, ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wusasa ma, wadda aka tura bayan gari, ita ta fitar da likitan farko ɗan Arewa, Dakta R. A. B. Dikko, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu.

Amma mutum ɗaya ko goma su haye sama bai zama sauyin al'umma ba. Wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne Bauchi a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu. A can Allah ya haɗa mutum uku. Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil. Aminu Kano ya zo shi ma a matsayin malami bayan ya gama Kwalejin Kaduna a 1942. Sa'adu Zungur, ɗan gidan limamai, masanin Larabci da fiƙihu, wanda ya yi Kwalejin Katsina kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas, ya dawo gida yana fama da ciwon huhu amma bakinsa da alƙalaminsa lafiya lau. Aka kafa zauren muhawara da yardar Razdan, ana tattauna batutuwan ci gaba, Turawa na halarta. Da muhawara ta gangaro kan mulkin En'e kansa, hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, zauren ya mutu. Amma an riga an saba da abin da ba a saba ba, wato ƙaramin ma'aikaci ya yi wa hukuma tambaya a bainar jama'a yana jiran amsa.

Babu darasin da ya koyar da wannan a manhajar Katsina. Abin da kwalejin ta yi, ba da niyya ba, shi ne ta tara yaro daga Borno da na Sakkwato da na Ilori a ɗakin kwana ɗaya har shekara biyar, ta ba su harshen da za su karanta jaridar Azikiwe da shi, ta ba su albashin da ba gona ko gado ya kawo shi ba. Kalmar Arewa a matsayin gida ɗaya mai makoma ɗaya, a irin waɗannan ɗakunan kwana ta yi jijiya. Haka abin ya faru a ƙasashen Faransa: makarantar William Ponty ta Senegal, wadda aka gina don samar da malamai da akawuna masu biyayya, ita ta fitar da Diori Hamani, ita kuma ta fitar da Djibo Bakary, jagoran Sawaba ta Nijar. Ga kuma jarida. Tun Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ke fitowa daga Zariya, Abubakar Imam, wani ɗan Kwalejin Katsina, yana editanta, mutum ɗaya ya saya ya karanta wa goma a bakin kasuwa.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne hujjojin da Sa'adu Zungur da Aminu Kano suka fi kayar da abokan hamayya da su ba daga Landan suka zo ba. Aminu ya je Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1946, ya ga gwamnatin Leba da idonsa, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa. Amma idan ya hau mumbarin siyasa a Kano, aya da hadisi yake jawowa, da littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu a kan zaluncin masu mulki, domin shi ɗan gidan malamai ne kafin ya zama ɗan boko. Su kuma waɗanda suka cika NEPU suka sha ɗauri da bulala dominta, yawancinsu teloli ne da 'yan koli da mahauta da malaman zaure da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga a jirgin ƙasa, mutanen da abincinsu ba a hannun En'e yake ba. Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta jagoranci matan jam'iyyar aka kuma ɗaure ta sau da dama, 'yan shekaru kaɗan ta yi a firamare. Ɗan boko ya kawo tsarin jam'iyya da rubuta takardar koke da sanin dokar Bature. Kasuwa da zaure suka kawo jama'a da ƙarfin hali. Da babu wannan haɗuwa, da muhawarar Bauchi ta ƙare a hirar malamai bayan la'asar.

Tsohon tsari bai miƙa wuya da sauƙi ba. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rinjaye a matakan farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutane a mataki na ƙarshe, sai jam'iyyar ta tashi babu kujera ko ɗaya. Duk da haka ƙasa ta riga ta motsa. Bayan ƙudurin Ɓalewa aka sauya doka, sarki ya daina zama shi kaɗai ne En'e, sai shi da majalisarsa. A 1963 gwamnatin Sardauna, tsohon malamin midil, ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda ya fi kowane sarki ƙarfi a lokacin, ya yi murabus ya koma Azare. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi shekaru tana kuka a kai. Ita kuwa kwalejin, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta zama Barewa, ta fitar da Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Iko ya tashi daga fada ya koma sakatariya da bariki. Tambayar da ta rage ita ce mutum nawa aka tafi da su.

A nan lissafin ba daɗin ji. A 1957, saura shekara uku a sami 'yancin kai, 'yan firamare a Arewa ba su kai 200,000 ba, alhali na Kudu sun haura miliyan 2. 'Yan sakandare a Arewa ba su kai 4,000 ba, na Kudu kusan 28,000. Jihar Yamma ta Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a Janairun 1955, yawan ɗalibanta ya tashi daga kusan 457,000 zuwa sama da 800,000 a shekara guda. Gwamnatin Arewa ta yi nata yunƙurin: Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa hidima, ya kai ajin manya ƙauyuka, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi da Himma da Zaruma, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Amma ramin da aka haƙa cikin shekara 50 ba ya cikuwa a goma. Sai a Satumban 1976 gwamnatin Obasanjo ta buɗe ƙofa ga kowa da shirin UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, kusan miliyan 3 suka zo. Aka horar da malamai cikin gaggawa, aka yi karatu a gindin bishiya. Likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da yawa na yau, 'ya'yan manoma ne da wannan guguwa ta kwaso, kuma wannan shi ne babban abin da makaranta ta taɓa yi wa talakan Arewa. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa makalewa, gine-gine suka lalace, masu hali suka fara kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. A shekarar da aka fara UPE ɗin ne Ronald Dore na Ingila ya fitar da littafinsa a kan abin da ya kira cutar takardar shaida, inda ya yi gargaɗin cewa idan makarantu suka yawaita ayyuka ba su yawaita ba, karatu zai koma farautar kwali, aikin da ake samu da firamare jiya sai da digiri gobe. Duk wanda ya ga mai digiri yana tuƙa Keke Napep a Kano ko Gusau ya san maganar ba ta faɗi ƙasa ba.

Ɓangaren mata ya fi kowanne nuna yadda al'umma ke riƙe da linzamin makaranta. A 1930 aka buɗe azuzuwan 'yan mata na farko a Kano da Katsina, a inuwar fada, domin 'ya'yan gidan sarauta da na fadawa, ana koya musu ɗinki da tsabta da rainon yara. Makarantar horar da malamai mata ta Sakkwato ta biyo baya a 1939. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, matan Arewa sai a 1976. Amma kuma a nan ne hujjar masu cewa makaranta na sauya rayuwa ta fi ƙarfi. A 1979 masanin ƙidayar jama'a John Caldwell ya nazarci bayanan da aka tattara a Ibadan da kewayenta, ya nuna cewa karatun uwa ya fi sauran abubuwan da aka auna tasiri a kan ko ɗanta zai rayu. Uwar da ta yi makaranta ta fi saurin kai yaro asibiti, ta fi iya tsayawa gaban ma'aikacin jinya ta nemi bayani, ta fi samun ta cewa a cikin gida. Irin wannan sauyi ba ya zuwa da ganga ko tuta, ɗaki-ɗaki yake shiga, kuma bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar da shi daga baya.

Hukuncin da wannan tarihi ya yanke, a ganin mai wannan rubutu, shi ne Durkheim da Bourdieu sun yi gaskiya a kan ƙofa, Freire ya yi gaskiya a kan abin da ke faruwa bayan an shiga. Masu iko ne ke yanke wanda zai shiga da irin ajin da zai zauna, amma ba su taɓa iya yanke abin da zai yi da karatun ba. A zamanin Ɗan Hausa hakimi ne ke tsaye a bakin ƙofar, yau kuɗin makaranta ne. Yaran da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya sun haura miliyan 10 a ƙiyasin UNICEF, mafi yawansu a Arewa. Makarantun tsangaya na zamani da aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012 domin haɗa allo da boko, da yawansu an bar su sun lalace. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Kusan kowace shekara hukumar UBEC na sanar da cewa biliyoyin naira na nan ajiye ba a taɓa ba, saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba.